Jirgin faiba da aka tarar a bayan rumbun Baffa: ta ina za a fara neman asalinsa?

Wani matashi daga wani ƙauye da ke tsakanin Rano da Tiga ya aiko mini da wannan tambaya: "Baba, bayan rasuwar baffana mun tarar da wani ƙaramin jirgin ruwa na faiba a bayan rumbunsa, ya fi shekara talatin a kife. Tsawonsa zai kai ƙafa 14, samansa ja, ƙasansa fari, yana da sitiyari da gilashin gaba kamar mota. Injinsa na ratayawa ne a baya, an rubuta Johnson a jikinsa. Ba mu ga sunan kamfanin da ya ƙera jirgin ba. Ana cewa a hannun wani Bature ya saye shi lokacin aikin dam. 'Yan gwangwan sun taya injin, ni kuma so nake in yi wa jirgin fenti in sa shi a ruwa. Yaya zan gane asalinsa? Kuma yana da wata daraja?"

Allah ya jiƙan Baffa, ya kyauta namu zuwan. Ɗana, ka sallami 'yan gwangwan tukuna, ka kuma jingine maganar fenti. Na daɗe ina aikin faiba, wato zaren gilas da ake jiƙawa da ruwan roba ya daskare, a bakin ruwan Legas na koya wajen masu ƙera jirage, kafin in dawo gida in koma gyaran tankunan ruwa da jikin motoci. A iya abin da na gani, hannun mai gaggawar gyara ya fi rana da gara ɓata irin waɗannan jirage. An taɓa kawo mana wani da mai shi ya riga ya bi shi da samfefa daga goshi har baya, ya shafe shi da fentin mota, sannan ya zo yana tambayar wane kamfani ne ya yi shi. Duk abin da zai ba shi amsa ya riga ya goge da hannunsa. Har yau abin yana mini ciwo. Jirgin Baffa, yadda yake a kife da ƙurarsa da koɗewarsa, takarda ce rubutacciya, sai an gama karanta ta za a taɓa ta.

Ku tara matasa ku birkice shi a hankali, ku ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin rumfa. Ku yi hattara da maciji da kunama, gidansu ne shekara da shekaru. Ka wanke shi da ruwa da sabulu da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe. Daga nan ka ɗauki hotonsa ta kowace fuska: gefe, goshi, baya, ciki, ƙasa, da kowane ƙarfe da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ka auna tsawo da faɗi da tef, ka rubuta a ƙafa da inci, ka kuma rubuta a mita. Kada ka tsaya a "zai kai ƙafa 14", domin inci biyu ko uku kan bambanta wani samfuri da wani. Duk abin da ka tsinta a ciki, ko guntun roba ne ko noti mai tsatsa, ka zuba a kwali ka ajiye.

Wurin farko da za ka duba shi ne bangon baya, inda ake rataya inji. Ka tsaya a bayan jirgin kana fuskantar goshinsa, ka duba kusurwar sama ta hannun damanka. Tun daga 1 ga Nuwamban 1972 dokar Amurka ta wajabta wa duk mai ƙera ƙaramin jirgi, ko mai shigar da shi ƙasar don sayarwa, ya buga masa lamba mai harafi da alƙalami 12 a wannan wurin. Sau da yawa a cikin faibar aka zana ta, kuma idan rana ta ci jikin ba ta fitowa da rana tsaka. Ka jira dare ka haska tocila daga gefe, inuwar rubutun za ta tashi. Ko ka ɗora farar takarda ka goga fensir a kai. Haruffa uku na farko su ne alamar kamfani, kuma hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka tana da jerin waɗannan alamomi a intanet, har da na kamfanonin da suka daɗe da mutuwa. Biyar na tsakiya lambar jirgin ce a masana'anta. Huɗun ƙarshe su ne lokaci, kuma a nan mutane kan ruɗe. Kafin Agustan 1984 salo biyu ake yi. Ɗaya salon wata ne da shekara kai tsaye, wato 1273 na nufin Disamban 1973. Wani kuma yana farawa da harafin M, sai shekarar samfuri, sai harafin wata, amma lissafin watan daga Agusta yake farawa: A Agusta, B Satumba, C Oktoba, haka har zuwa L Yuli. Daga Agustan 1984 aka koma salo ɗaya, inda A ta zama Janairu, alƙalami ɗaya na biye ya nuna shekarar ƙira, biyun ƙarshe kuma shekarar samfuri.

Idan ba ka ga komai a wurin ba, kada gwiwarka ta yi sanyi, rashin lambar ma labari ne. Ko dai jirgin ya girmi 1972, ko kuma ba don kasuwar Amurka aka yi shi ba. Ƙasashen Turai ba su wajabta tasu lambar ta bai ɗaya ba sai a 1998, don haka jirgin Ingila na shekarun 1960 da 1970 ɗan faranti kawai za ka samu na kamfaninsa, idan bai faɗi ba. Ka leƙa kusa da sitiyari, da cikin bangon baya, da ƙarƙashin murfin goshi, kana neman faranti na alminiyam ko ramukan ƙusoshi huɗu da suka nuna ya taɓa zama. Ka shiga da tocila can cikin goshin, domin ma'aikata kan rubuta lamba da alli ko fensir a jikin ɗanyar faiba kafin a haɗa sama da ƙasa, kuma rana ba ta kaiwa can.

Ka ce ba ku ga suna ba. Na yarda harufan sun faɗi, amma da wuya sawunsu ya ɓace. A gefen jirgin ta wajen baya za ka ga ƙananan ramuka a jere inda aka ɗaura sunan ƙarfe, kuma wurin da harufa suka rufe yakan fi sauran jiki ja, tunda sun tare masa rana na wasu shekaru. Ka jiƙa wurin da ruwa ka tsaya ka kalla ta gefe. Wannan inuwar suna ita ce abu na farko da samfefa ke kashewa.

Inji kuwa ya fi jirgi saurin faɗin shekarunsa, shi ya sa na ce kada a sayar. A jikin maƙalin da ke kama bangon jirgi akwai faranti mai lambar samfuri. Injin Johnson daga 1969 zuwa 1979 shekararsa a fili take cikin lambar: idan ka ga 50ESL73, ƙarfin doki 50 ne, mai tashi da makulli, mai doguwar ƙafa, na 1973. Daga 1980 kamfanin OMC, mai Johnson da Evinrude, ya koma ɓoye shekara a cikin kalmar INTRODUCES, inda I ke matsayin 1, N 2, T 3, R 4, O 5, D 6, U 7, C 8, E 9, S kuma sifili. Kenan CT a kusa da ƙarshen lamba 1983 ne, CR kuma 1984. Sai dai ka riƙe wannan: shekarar inji ba lallai ta zama ta jirgi ba. Inji kan mutu a sake wani. Ka duba bangon baya, idan ka ga tsofaffin ramukan da aka toshe ban da waɗanda suka dace da wannan injin, to ba shi ne na fari ba. OMC ya durƙushe a ƙarshen 2000, an kuma daina yin Evinrude gaba ɗaya a 2020, amma injinan nan an yi su da yawa ƙwarai, har yanzu ana samun kayan gyaransu.

Yanzu ka ja da baya ka dubi siffar jirgin kansa, domin kowane zamani da yayinsa, kamar yadda kake gane shekarun hoto daga ɗinkin riga da karin hula. Jirgin faiba ba tsohon abu ba ne a duniya. Wani Ba'amurke, Ray Greene, a garin Toledo na jihar Ohayo, yana cikin na farkon da suka gwada shi a 1942, kuma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar ta kankama. Cikin kamfanonin ƙera su, Bill Tritt ya fara abin da ya zama Glasspar a Kalifoniya a 1947, Glastron ya buɗe a Ostin ta jihar Tekzas a 1956, Boston Whaler ya fito a 1958, Norman Fletcher kuma ya fara nasa ƙananan jiragen gudu a Ingila a farkon shekarun 1960. Idan ka ga fikafikai a bayan jirgi irin na manyan motocin Amurka, to ƙarshen shekarun 1950 ne. Idan ƙasansa ya kusa zama shimfiɗaɗɗe ta baya, tsohon salo ne. Ƙasa mai zurfin tsini tun daga goshi har baya ta yaɗu ne bayan 1960, shekarar da jirgin da Ray Hunt ya zana ya ci tseren Miyami zuwa Nasau. Mai goshi uku yayin ƙarshen shekarun 1960 ne zuwa na 1970, launi mai ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin ƙarfe kuma ya fi yawa a shekarun 1970. Sitiyarin da ke jan inji da siririyar waya mai zagaya ƙananan ƙafafu ya girmi wanda ke tura kebur guda mai kauri.

Ƙananan ƙarafa ma suna magana. Ka juya fitila, da ƙugiyar ɗaure igiya, da hannun giya, ka duba bayansu. Perko da Attwood na Amurka ne, agogon Smiths da kayan wutar Lucas na Ingila. Ka gwada sifana a notocin da ba a taɓa kwancewa ba: idan na milimita ne ya zauna daidai, hankalinka ya tafi Faransa, Italiya, Jamus, Holan ko Japan, idan na inci ne, Amurka ko Ingila.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu don kada ka ji zafi daga baya. Jirgin faiba kamar bulo ake buga shi. Ana da mazubi, a fesa masa launin waje, wanda muke kira jelkot, a shimfiɗa zaren gilas, a jiƙa shi da ruwan roba mai daskarewa da muke kira razin, idan ya bushe a zare. Duk wanda ya samu jirgi ɗaya mai kyau yana iya kwafar mazubi daga jikinsa ya ci gaba da buga nasa. A shekarun da faiba ke tashe ɗaruruwan ƙananan kamfanoni sun buɗe, wasu sun yi shekara biyu ko uku suka rufe, mazubansu suka koma hannun wasu. Saboda haka za ka iya ganin hoton jirgi a intanet sak da na Baffa, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Kuma kada ka cire Najeriya daga lissafi. Almarine, na rukunin John Holt, ya daɗe yana buga jiragen faiba a ƙasar nan, ga kuma ƙananan maƙera a Legas da Fatakwal da Warri. In ya tabbata ɗan gida ne, a wajena hakan bai rage masa komai ba, domin tarihin jiragen da aka ƙera a nan shi ne wanda ba a damu da rubutawa ba.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da na fi so ka ba wa ƙarfi, kuma shi ne wanda ba ya jira. Faiba za ta iya ƙara shekara ashirin a ƙarƙashin rumfa, tsofaffin da suka san jirgin kuwa kullum raguwa suke. An gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, Bagauda ta ɗan riga ta, ga aikin noman rani na Kadawa, ga otal a Bagauda da Tiga. Wannan yanki ya ga injiniyoyi da 'yan kwangila da baƙi 'yan hutu daga Kano, kuma irin jirgin da ka siffanta na wasa ne da jan mai sulu a kan ruwa, ba na fito ko kamun kifi ba. Don haka zancen Bature ya yi kama da gaskiya, amma "ana cewa" ba hujja ba ce. Ka fara da matan Baffa da ƙannensa: wace shekara jirgin ya shigo gidan, kafin haihuwar wa, bayan auren wa, a kan wace mota aka kawo shi? Mutanenmu ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta, sai ka tambaye su ko kafin canjin kuɗi zuwa naira ne a 1973, ko bayan kisan Murtala a 1976, ko kusa da ɓallewar Bagauda a 1988. Daga nan ka je gaida Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, da goronka a hannu. Masunci ba ya manta jirgin da ya taɓa yanke masa koma. Ka nemi tsofaffin direbobi da masu gadi da kuku da suka yi aiki a gidajen ma'aikatan dam ko a otal. Ka roƙi izini ka naɗi muryarsu a waya, ka rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Idan biyu sun saɓa, ka rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi.

Ka kuma buɗe adakar Baffa. Rasit, takardar sayarwa, ɗan littafin inji, tsohon hoto mai baƙi da fari, ko katin wani kulob, kowanne ya fi awa goma a intanet. In ka samu sunan kamfanin da Baturen ya yi wa aiki, tsofaffin ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are na iya ƙara maka haske. Tsofaffin kofen jaridar New Nigerian da ake ajiye da su a Kaduna ma suna ɗauke da tallace-tallacen Turawa masu sayar da kayansu za su koma gida. Sai ka tara waɗannan duka sannan ka je wa masu tara tsofaffin jiragen faiba na Amurka da Ingila a Facebook da hotuna da awo da lambobi. Suna da tsofaffin takardun talla na kamfanoni, kuma mutum ɗaya cikinsu na iya gane jirgin daga lanƙwasar gilashi kawai. Amma duk sunan da aka ba ka, ka nemi a nuna maka takardar talla mai awon da ya yi daidai da naka.

Batun daraja, gaskiya zan faɗa maka. In kuɗi kake nufi, kada ka sa rai. Ko a ƙasashen da ake tara su, sunaye kaɗan ne ke tsada, wanda ba a san shi ba kuwa sau da yawa kuɗin gyaransa ya fi kuɗin sayar da shi, balle a haɗa da kuɗin fitar da shi daga Rano zuwa tashar jirgin ruwa. Ƙarancin abu ba ya sa shi tsada sai akwai masu nemansa. A nan gida kuma mai fito ba zai saye shi ba, ba ya ɗaukar buhu, ga shan mai. Amma jirgin wasa da ya yi gudu a Tiga lokacin da ruwan ke sabo, aka san wanda ya kawo shi da wanda ya tuƙa shi, ni ban san kamarsa nawa suka rage a ƙasar Kano ba da za a nuna wa yaro a ce ga shi. Wannan darajar tana tare da labarin, in aka raba su ya koma kwandon roba.

Sa shi a ruwa kuwa, ba yanzu ba. Faiba ba ta ruɓewa, amma akwai katako a cikinta: bangon baya filawud ne aka lulluɓe, haka daɓen ciki da haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa. Shekara talatin a ƙasa a garinmu, gara ta isa ta cinye su ta bar ɓawo. Ka bi bangon da ƙotar sukudireba kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya ƙara yake da kaifi, ruɓaɓɓe kuwa amsawa yake kamar ka bugi kabewa. Ka kwance noti ɗaya ka zura waya a ramin, in gari ko baƙin ruwa ya fito, magana ta ƙare, sai an sake katakon. Wanda ya rataya inji mai doki 40 ko 50 a kan irin wannan bango, inji na iya ɓallewa da bangon a tsakiyar ruwa. Idan za a sake, daga ciki ake yankawa a bar fatar waje yadda take, don kada a taɓa lamba da launin asali. A zafinmu razin yana saurin kamawa, sai a yi aikin da sassafe a inuwa, hadina, wato maganin da ke sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, a dama kaɗan-kaɗan, da takunkumi da safar hannu. Jan da ya koɗe ya yi fari kamar alli, sau da yawa ba fenti yake so ba: samfefar ruwa mai laushi ƙwarai da man goge mota kan dawo da shi. Ka gwada a wuri kamar tafin hannu, bayan ka gama ɗaukar hoton inuwar sunan.

Injin kada a ja shi a bushe. A cire fulogi a ɗiga mai a bar shi kwanaki, a wanke kafireta, a sake man giya, a sake 'yar robar da ke tura ruwan sanyaya shi, domin ta daɗe da bushewa, kuma in ta ƙi aiki inji ƙonewa yake cikin mintuna. A tsoma ƙafarsa a durom cike da ruwa kafin a tayar. Johnson na 1964 zuwa sama gaurin fetur 50 ne da man inji 1, wanda ya girmi haka ya fi son mai, 24 da 1.

Ranar gwaji a fara a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a ɗaure da igiya, ba inji, a zauna awa guda ana duba inda yake tsatsa. Ka sanar da Sarkin Ruwa, ka ɗauki masuncin da ya san inda kututture da duwatsu da taruna suke, musamman da rani idan ruwa ya ja. Kowa da rigar ruwa, kuma kada a wuce mutum huɗu ko da yara sun cika gaɓa suna roƙo. Ba mu manta da kifewar jirgin fasinja a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Wani abu da ya kamata ya riga duk wannan: jirgin da injin kayan gado ne. Ka zauna da magada, a yi musu ƙima, ka saya ko a bar maka da yardar kowa a gaban shaidu, kafin ka kashe ko sisi. In an gama wannan, ka turo mini hoton kusurwar dama ta bangon baya da aka ɗauka da dare da hasken tocila, da na farantin injin, da na gefen da ramukan suna suke bayan ka jiƙa shi. Daga waɗannan ukun za mu san ƙasar da za mu fara nema.